Yadda muka haɗa horon ma'aikata da takardun aiki a manhaja ɗaya, a wani kamfanin hatsi na Damagaram

Kamfanin na saye da ajiyar hatsi ne, babban bironsa yana nan cikin garin Damagaram, sannan yana da magaza, wato siton ajiyar kaya, a Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure. Da kaka ana sayen wake da gero da riɗi a hannun manoma da ƙungiyoyinsu a ajiye har farashi ya ɗaga, in damina ta gabato kuma a koma sayar da iri da taki. Ma'aikatan dindindin ba su da wani yawa, amma daga watan Oktoba sai a cika da 'yan wucin gadi, masu awo da 'yan dako da masu gadi, waɗanda bana ka gansu baɗi wasu ne daban. Ni ina ɓangaren kula da ma'aikata, shi ya sa horo da konje, wato hutun aiki, da takardun ɗaukar aiki duk ta tebur ɗina suke bi, kuma ni aka ɗora wa wannan aiki na tsara manhaja tare da wasu samari biyu masu rubuta manhaja da suka yi karatu a jami'ar André Salifou ta nan garin.

Kafin manhajar, sanin aiki a kamfanin nan a wuri uku yake zaune. Akwai kundin takardu a kowace magaza da faransanci, wanda aka buga tun da daɗewa kuma ba kowa ke buɗe shi ba. Akwai gurup-gurup na WhatsApp inda dirakta ko kontabul, mai lissafin kuɗin kamfani, ke jefa sabon umarni da murya, ya nutse tsakanin gaisuwar juma'a da sanarwar suna da ta rasuwa, wanda wayarsa ta cika ya goge komai shi ke nan umarnin ya tafi. Sai kuma kawunan tsofaffin ma'aikata, wanda gaskiya nan ne ainihin sanin yake, amma ranar da mutum ya bar aiki da abinsa yake tafiya. Horo kuwa atiliye ne, a kira shugabannin magaza su zo Damagaram kwana biyu, a yi bayani da majigi, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi fardiyam, wato kuɗin guzurin halartar taro, kowa ya hau mota.

Abin da ya tada maganar wake ne. Kamfanin ya daina sa ƙwayar maganin nan mai fitar da iskar fosfin a cikin buhunan wake, saboda haɗarinta ga masu aiki da masu ci in ba a iya amfani da ita ba, ya koma buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi kuma manoman yankin nan da yawa sun san shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Sirrinsa iska ce, in ba ta shiga ba ƙwarin wake sai su cinye 'yar iskar da ke ciki su daina ci su daina haihuwa su mutu, amma fa sai waken ya bushe sarai, sai an duba ledar ba ta da huji, sai an matse iska an ɗaure kowace leda daban, ta ciki, sannan ta tsakiya, sannan buhun waje. An yi atiliye a kan haka, kowace magaza ta turo shugabanta. To a ɗaya daga cikin magazun shugaban da ya zo atiliyen ya samu wani aiki ya tafi kafin kaka, wanda ya gaje shi ya tarar da kundi mai tsohon bayani da tarin sababbin buhuna ba bayani, shi kuma ya yi abin da hankalinsa ya ba shi, ya sa yara suka tattara bakin ruɓi ukun suka ɗaure da igiya ɗaya, wasu buhunan ma waken da sauran danshi. Lokacin da aka zo fitarwa wani kaso mai yawa ya zama gari da ƙwari.

Da aka zauna bincike abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kowa yana da takardar da ta wanke shi. A wurinmu rajista ta nuna an horar da wannan magaza. A wurin sashen saye an nuna an kai buhuna. Sabon magazinye, wato shugaban magazar, kuma ya ɗauko kundin ya ce ga abin da aka bar masa. Rajistar horo tana bin sunan magaza, alhali sanin yana bin mutum, kuma takardar karɓar kaya da yake cikawa kullum ba ta taɓa tambayarsa yadda ya ɗaure buhu ba. Horo yana gabas, aiki yana yamma.

Shawarar farko da ta zo daga wani ƙwararre da aka kira daga Yamai ita ce a kafa Moodle, wata manhajar koyarwa ta intanet. Kuma Moodle abu ne mai kyau, kyauta ne, tun 2002 ake amfani da shi, jami'o'i da yawa a kansa suke, manhajarsa ta waya ma tana barin ka sauke darasi ka yi ba rezo, wato ba intanet, daga baya ya aika. Matsalar ita ce Moodle bai san bon, wato takardar shaidar karɓa ko fitar da kaya, ba, bai san konje ba. Aka ce to a ƙara KoboToolbox don fom-fom, tunda yaran da suka yi aiki da ƙungiyoyin agaji duk sun saba da shi kuma yana aiki ba intanet, kontabul kuma ya ci gaba da Excel ɗinsa. Wato magazinye a Gure, wanda tsakaninsa da mu ya fi kilomita 150, zai riƙe manhaja biyu da kalmar sirri biyu bayan WhatsApp, kuma har yanzu darasin ɗaure buhu yana can wani gida, fom ɗin karɓar wake yana wani gida. Mun ce a'a. Abin da ya lalata waken kenan za a sake ginawa, sai dai a cikin waya.

Ka'idar da muka tsaya a kanta ɗaya ce: duk wani aiki da ake yi a kamfanin yana da kati guda, kuma a cikin katin nan ne komai nasa yake, matakan aikin, darasinsa, fom ɗin da ake cikawa, wanda zai amince, sunan muƙamin da ke da alhakin gyara katin, da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Ba wani sashe daban mai suna horo da za ka je nema. In kana son darasin karɓar wake, katin karɓar wake za ka buɗe, kuma in ba ka taɓa yin darasin ba fom ɗin ba zai buɗe maka ba sai ka yi. In mai katin ya canza mataki ɗaya, manhajar ba za ta bar shi ya fitar da gyaran ba sai ya faɗa ko darasin ma na bukatar canji, in kuma ya ce yana bukata, duk wanda ke da wannan kati a hannunsa zai ga ɗan gajeren bayani na abin da ya canza kafin ya sake cika fom. Rajistar horo kuma ta koma bin mutum da katin, ba magaza ba.

A bayan fage, can ƙarƙashin manhajar, Odoo muka sa, wata manhajar tafiyar da harkokin kamfani, nau'insa na kyauta, saboda ya zo da lissafin kaya da konje da bayanan ma'aikata a haɗe, kontabul da ni da dirakta a kwamfuta muke ganinsa. Amma Odoo rezo yake so, shi ya sa samarin nan suka rubuta 'yar ƙaramar manhajar Android da ke ajiye katuna da darussa a cikin wayar kanta, a yi aiki yini guda ba rezo, in an samu sai ta aika abin da ta tara ta karɓo sabo. Mun gwada ta ne a kan mafi araha cikin wayoyin da muka gani a hannun ma'aikata, irin Itel da Tecno masu ƙaramin wuri, ba a kan wayar dirakta ba, kuma duk allon da ya yi nauyi a waccan wayar sai an rage shi.

Bari in nuna katin karɓar wake kamar yadda yake a hannun magazinyen Magarya ranar kasuwa, amalanke na layi a ƙofa. Yana buɗewa zai ga hotuna manya, rubutu kaɗan, kowane hoto da alamar lasifika. Mataki na farko sunan mai kaya ko ƙungiyarsa. Na biyu bushewa, muryar ta ce ɗebi daga tsakiyar buhu ba daga baki ba, ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas to, in ta lotsa a mayar a shanya, sai ya taɓa ɗaya cikin hotuna biyun. Na uku awo, tiya nawa, ko kilo nawa in a sikeli ne, da hoton fuskar sikelin. Na huɗu leda, a hura mata iska a riƙe baki a danna a ji ko tana sacewa. Na biyar ɗauri, kuma nan ne kaɗai muka wajabta hoto, na buhu ɗaya cikin kowane rukuni, a ga ɗauri uku daban-daban. Yana gamawa lambar bon ta fito, kayan sun shiga lissafi, takardar biyan mai kaya ta tafi layin kontabul. Wato darasin bai ƙare ranar da ya yi shi ba, kullum yana biye da shi a cikin aikin, duk lokacin da ya yi shakka lasifikar na nan.

Muryar da ke cikin darussan magaza ta wani dattijo ce, tsohon magazinyen Mirya da ya fi kowa daɗewa a kamfanin. Da farko ƙi ya yi. Na je har wurinsa na ce, Baba, so muke abin da ke kanka ya shiga wayar nan yara su riƙa ji. Ya ce, ɗana, wato ku kwashe abin da na sani sannan ku sallame ni ko? Maganar ba wasa ba ce, tsoro ne na gaske kuma ba shi kaɗai ke da shi ba. Abin da ya warware ta shi ne aka mayar da shi mai katunan magaza a hukumance, da ɗan ƙari a albashi, ba wanda zai taɓa mataki ɗaya a katunan nan sai da amincewarsa, ko dirakta ne. Kuma wallahi ya fi duk wani rubutun ƙwararru, don shi ne ya ce a sa maganar ɓera, a jera buhu a kan katako nesa da bango, tunda huji ɗaya na ɓera ya isa ya ɓata ruɓi ukun, shi ne kuma ya ce kada darasi ya wuce tsawon shan shayi kofi ɗaya. Muka tsaya a minti biyu zuwa uku, tambayoyi uku a ƙarshe, amsa da taɓa hoto.

Harshe bai ba mu wahala yadda aka zata ba. Murya da Hausa, rubutun allo da Hausa da faransanci mutum ya zaɓa, takardun kontabul da faransanci tunda haka hukumar haraji da CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ke karɓa. Na Gure muka sa aka sake ɗaukar darussan magaza da Kanuri. Akwai wanda ya ce rubuta ka'idar aiki da Hausa zai rage wa kamfani kwarjini, to a 2025 ma kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ni ba wannan ce hujjata ba, hujjata ita ce mai ɗaure buhun da Hausa yake tunani.

Kulle fom sai an yi darasi ya jawo rigima ta gaskiya, kuma masu rigimar suna da gaskiya. Mota ta zo ɗaukar taki, magazinye ba shi da lafiya, mataimakinsa bai yi darasin fitar da kaya ba, direba na son komawa kafin dare, shin sai a tsayar da mota don darasi? Sai muka sa ƙofar gaggawa: zai iya buɗe fom ɗin ya yi aikin da taimakon lasifika mataki-mataki, amma bon ɗin zai fito da alama, shugabansa zai gani, kuma darasin na jiransa kafin ya sake buɗe katin karo na biyu. Yawan amfani da ƙofar gaggawar ma ya zame mana ma'auni, in magaza ɗaya ta cika bin ta nan mun san akwai wanda ke aikin da ba a shirya shi ba, sai a duba me ya sa, galibi ma ƙarancin mutane ne ba sakaci ba.

Aiki ba rezo yana da nasa ƙananan matsaloli da ba ka ganinsu sai an fara. Magaza biyu suka fitar da bon mai lamba ɗaya saboda kowace waya na ƙirga nata, sai aka sa kowace lamba ta fara da haruffan garin. Agogon wasu wayoyi ba daidai ba, batir ya mutu kwanan wata ya koma baya, sai aka riƙa ajiye lokaci biyu, na wayar da na isowa. Amincewar shugaba kan fitar da kaya masu yawa kuma ba za ta jira intanet ba, sai aka yi ta da lambar sirri ta saƙon SMS, tunda inda forfe, wato data ta intanet, ba ya tafiya sau da yawa saƙo na shiga, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani. Kwamfutar da ke riƙe da komai ma ba mu ajiye ta a biro ba. Duk wanda ya zauna garin nan bayan Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki, a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, ya san abin da ake nufi da a dogara da kamfanin wuta na NIGELEC kaɗai, ga zafin watan Afrilu ga ƙura, don haka hayarta muka yi a wurin masu sana'ar riƙe irin waɗannan kwamfutoci, magazu kuma aka sa musu ƙaramin faifan sola na cajin waya.

Da yake manhajar na ɗauke da sunaye da albashi da lambar CNSS ta mutane, dole maganar sirri ta shigo, ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita, sai da muka bi ta wannan hanya. A nan ne ma muka ɗan ja da dirakta, shi yana son manhajar ta riƙa nuna masa inda kowane ma'aikaci yake a taswira koyaushe. Na ce, Alhaji, wayoyin nan nasu ne ba na kamfani ba, ranar da suka gane tana bin sawunsu har gida ranar za su goge ta. Ya yi shiru ya ce to a bon fa? Muka tsaya a nan, ana ɗaukar wuri ne kawai lokacin karɓar kaya da fitar da kaya, kuma an faɗa wa kowa da baki a taro, an sa a darasin farko da mutum ke ji ranar da ya buɗe manhajar. Sakamakon tambayoyin darasi ma muka rubuta cewa ba a yanke albashi da shi, ka faɗi ka sake, ba iyaka.

Abin da ya sa mutane suka fara buɗe manhajar da kansu ba darasi ba ne, konje ne. Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan aiki, amma da yawa ba su san nawa suka tara ba sai sun zo biro sun tambaye ni, wani ma kunya ta hana shi. Yanzu yana gani a wayarsa, ya nemi hutu daga can, ya ga takardarsa a hannun wa ta tsaya, ya ga takardar albashinsa. Da gangan muka fara fitar da waɗannan katuna kafin na magaza, don mutum ya fara ganin abin da manhajar ke yi masa kafin abin da take nema a wurinsa.

Fardiyam kuwa, kada wanda zai yi irin wannan aiki ya raina shi. Ga shugaban magaza zuwa atiliye a Damagaram 'yan jikkunan nan wani ɓangare ne na samunsa na shekara, da su yake shiga kasuwar Dole ya yi wa iyali tsaraba, in ka ce horo ya koma waya ka taɓa aljihunsa ne ko ba ka nufa ba. Ba mu soke taron ba, mun mayar da shi sau ɗaya kafin kaka, ba majigi, buhu ne da igiya da sikeli a tsakar magaza kowa ya ɗaura a gani, kuma yanzu har da mataimaka ake kira. Kuɗin da ya ragu aka mayar forfe na wata-wata ga duk mai manhajar. Wasu har yanzu suna ganin an rage musu, ban kuma ce ba su da hujja ba.

Kakar da ta biyo baya an canza magazinye a Tanut ana tsakiyar saye, sabon ya shiga ya tarar da katunansa na jiransa, ya yi darussan a daren farko, hotunan ɗaurinsa suka iso, Baba na Mirya ya duba ya kira shi ya gyara masa yadda yake murɗa bakin leda kafin ya naɗe. Kontabul ya daina jiran takardu su zo a motar kasuwa kafin ya rufe wata. Gurup ɗin WhatsApp suna nan ba su mutu ba, mun dai yi doka cewa umarnin da ba ya cikin kati ba umarni ba ne, kuma wanda ya fi wahalar bin dokar nan shi ne dirakta da kansa, sai na riƙa ɗaukar saƙon muryarsa ina kai wa mai katin a shigar.

Inda muka fi rauni har yanzu 'yan wucin gadi ne, alhali su ne hannun da ke taɓa buhun. Yawancinsu ƙaramar waya mai maɓalli gare su, wasu ba su da ita sam. Abin da ake yi yanzu kowace magaza tana da waya ɗaya ta kamfani, a tara sababbin ɗauka da safe a kunna musu darasin a lasifika, kowa ya ɗaura buhu ɗaya a gaban magazinye, sannan shi ya shaida a manhaja cewa wane ya yi. Wannan ya dogara ne kan amanar magazinyen, kuma ranar da amalanke suka yi yawa jarabar ya danna wa kowa a wuce tana da ƙarfi. Muna gwada ba kowane ɗan wucin gadi ɗan kati mai lamba da zai riƙe, in ya dawo baɗi ko ya koma wata magazar a san abin da ya riga ya koya, amma a gwajin Matamai katunan da yawa sun ɓace kafin kaka ta ƙare, yanzu ana duba a haɗa da lambar waya ko hoton fuska in mutum ya yarda. Sannan manhajar wayar samari biyun nan ne kaɗai suka san cikinta, ɗayansu kuma an fara kiransa daga Yamai, shi ya sa a kwangilarsu ta bana aka sa sharaɗin su rubuta bayanin yadda aka gina ta kuma su ɗauki ɗalibi ɗaya daga jami'a su koya masa kafin damina.